Farin kaya cikin ɗari: a sa, ko a adana sai iska ta kwanta?

Rakiya_Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga masu sanin kaya. Auren ƙanen maigidana za a yi a Tawa asabar ta ƙarshen Disamba. Tun watan jiya na kai farar shadda wurin tela, riga da zane da ɗankwali, ya yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan azurfa. Jiya na karɓo na nuna wa Inna, uwar maigidana, ta ce ɗinki ya yi kyau amma ba a sa fari cikin ɗari, in nemi mai duhu. Ban yi mata musu ba, na ce to. Amma abin ya tsaya mini a rai, don kuɗi na kashe masu yawa kuma ba ni da halin wani sabon ɗinki kafin ranar. Shin al'ada ce da ban sani ba, ko saboda ƙura take faɗa? Masu sa fari a wannan lokaci, yaya kuke yi?

MamanNana227:
Wa alaikumus salam. Ƙura take nufi, ƙanwata, ba wani abu ba. Tsofaffinmu ba su cika bayani ba, sai su ce kawai ba a yi. Ki sa kayanki.

Dan_Adar:
Hajiya Rakiya, mu nan Tawa muke, kuma in gaya miki gaskiya iskar bana ta hwara da ƙarhi. In kin sa hwari tun daga Yamai kika shigo mota da shi, to kahin ki kai Dutsi ya zama ruwan ƙasa. Hanya ta hi kilomita 500, ga tsayawa Doso, ga Ƙwanni, kowane wuri ƙura na shigowa ta taga. Ki naɗe shi cikin leda, ki sa cikin akwati, sai ranar buki ki hiddo. Ga buki kuwa ba mai ce miki komi, rabin mazan da za su zo ɗaurin aure hwararen riguna za su sawa.

Ustaz_Yantala:
Ina so in gyara wani abu tun kafin magana ta yi nisa, don na sha jin mutane suna danganta farin kaya da likkafani har suna ƙyamar sa shi a wasu lokuta. Hadisi ya zo daga Ibn Abbas, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da sa fararen tufafi domin suna daga mafi alherin tufafi, a kuma yi wa mamata likkafani da su. Ba a ware rani ba, ba a ware ɗari ba. Saboda haka ta fuskar addini babu wata ko yanayi da aka hana fari. Abin da ya rage shi ne tsafta, da kuma suturce jiki ga mace, don farin yadi in ba shi da kauri yana nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Sannan ki bi surukarki a hankali, ƴar uwa, kada tufa ta jawo ɓacin rai a gida.

Rakiya_Bukoki:
Na gode Malam. Wallahi ba na son ɓata mata rai, shi ya sa na zo tambaya tukuna.

TelaWadata:
Shekara goma sha tara ina kan keke, bari in faɗi abin da na gani. Matsalar farar shadda cikin sanyi biyu ce, kuma mutane ɗaya kawai suke kallo. Ta farko ƙura, kowa ya sani. Ta biyu ita ce shadda ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan. Auduga ce da aka matse aka ba ta sheƙi, tana tsayawa ƙiƙam ba ta kwanciya a jiki, iska na shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. Da azahar ba ka jin komai, amma da asuba ko bayan isha'i sai ka ga mutum cikin babbar riga yana karkarwa. Daga nan sai ya jawo baƙar jaket ta bosho ya ɗora a kai, ya lalata kwalliyar baki ɗaya, aikin da muka kwana uku muna yi a gaban riga ya ɓoye.

Ni abin da nake gaya wa masu kawo mini ɗinki: ɗumi a ciki ake sa shi, ba a waje ba. A nemi riga mai dogon hannu mai kama jiki, da dogon wando irin nata, a sa a ƙasa. In za a yi haka a faɗa wa tela tun wurin awo, ya ƙara yatsa biyu a ƙirji da hammata. Kuma kada rigar cikin ta zama baƙa ko ja, za ta fito ta cikin farin. Har fara fat ɗin ma tana nuna iyakarta a damtse. Ruwan toka mai haske ko ruwan ƙasa ya fi ɓacewa.

Hajiya Rakiya, in rigarki ta yi miki daidai jiki sosai, mayar wa telanki ya saki gefe kaɗan, in dai ya bar yadi a ciki.

Zeinabou_Harobanda:
@TelaWadata Allah ya saka da alheri, wannan maganar ruwan toka ban taɓa sani ba. Kullum farar shimi nake sawa ina mamakin me ya sa take fitowa a hoto.

Issoufou_kabukabu:
Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Farin kaya a wannan lokaci na mai mota ne mai gilashi a rufe. Ni a kan moto nake yini, daga Talaje zuwa Katako, daga Katako in haye gadar Kennedy in dawo. In na sa fari da safe, kafin sallar azahar wuyan rigar da bakin hannu sun yi ja. Ranar juma'a kaɗai nake sawa, shi ma a cikin leda nake zuwa da shi, sai na kusa masallaci in canza. Wanda ke fita daga gida ya shiga mota, ya fita mota ya shiga biro, shi zai iya sa fari kullum. Kada a ce wa talaka wai rashin tsafta ne ya hana shi.

MamanNana227:
Gaskiya ka faɗa Issoufou. Unguwarmu ma babu kwalta, jan ƙasa ce, mota ɗaya in ta wuce sai ka rufe hanci.

Hadiza_Nuyok:
Abin mamaki, nan Amurka ma akwai irin wannan magana. Suna cewa ba a sa fari bayan hutun ma'aikata da suke yi litinin ta farko a watan Satumba, sai bazararsu ta dawo. Da na zo na ɗauka doka ce ta gaske. Ashe tsohuwar al'ada ce ta masu kuɗin da, waɗanda ke barin birni lokacin zafi su tafi hutu bakin teku da fararen kaya marasa nauyi, in sun dawo birni sai su koma masu duhu. Yanzu mutane da yawa ba su kula da ita. Cikin tsananin sanyi za ki ga mace da farar suwaita mai kauri ko doguwar rigar ulu mai ruwan madara, kuma yana kyau ƙwarai. Abin da na koya a wurinsu shi ne fari iri-iri ne. Na lokacin sanyi ba fari fat suke zaɓa ba, sai mai ɗan ruwan madara, kuma su haɗa shi da ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Ina ga wannan zai yi aiki a gida, tunda ƙurarmu kusan launinta ke nan.

Dan_Adar:
Hadiza, su laka da ƙanƙara ka damunsu, mu ƙura. Amma maganar ruwan madara ta yi. Mahaihina bai sayen hwari tas cikin ɗari, sai wanda ya ɗan ja.

Prof_Geo_UAM:
Tunda ana ta ambaton ƙura, bari in ƙara haske kaɗan, don ƙura biyu ce ke ɓata mana kaya kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai hazon da iskar hunturu ke ɗaukowa daga arewa maso gabas. Babban tushensa kwarin Bodele ne a arewacin Cadi, inda a zamanin da ruwan tafkin Cadi ya kai, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Wannan hazon fari-fari ne, kuma busasshe, in ya sauka a kan shadda kakkaɓewa kawai yake so. Ta biyu ita ce jan ƙasar titunanmu. Launinta daga sinadarin ƙarfe yake, irin na tsatsa, shi ya sa in ta haɗu da ruwa ko gumi ko mai take kama zare ta zauna. Kuskuren da muke yi shi ne mu ga ƙura a riga mu jiƙa tsumma mu goge. Da ka jiƙa ta ka mayar da ita rini. A bari ta bushe, a kakkaɓe, a bi da busasshen buroshi mai laushi.

Zeinabou_Harobanda:
Wayyo, abin da na yi ke nan da farin leshina bara. Har yau tabon na nan a gindin zane.

Anti_Mariama:
Kowa na maganar sawa, ba wanda ya yi maganar wanki. Wa ke wanke fararen nan? Maigida ya sa babbar riga, jamfa da wando, yini ɗaya ya cire ya ajiye, gobe ya ɗauko wata. Da sassafe cikin sanyin nan yarinya ce ko matar gida za ta sa hannu cikin ruwa. Ni hannuna duk hunturu tsagewa yake yi har jini, ga omo ga jabel, ruwan nan mai faranta kaya, suna shiga ciki. Shekara uku ke nan na ce wa Alhaji daga Disamba zuwa Fabrairu fari sau ɗaya a mako, ranar juma'a, sauran kwanaki ya sa ruwan toka da ruwan bula. In yana son fiye da haka ya kai wa mai wanki da guga ya biya. Ya yarda, kuma bai ragu da komai ba. Wataƙila abin da Innar Rakiya ke tunawa ke nan, don su a zamaninsu daga rijiya suke jawo ruwan.

Ustaz_Yantala:
Anti Mariama, wannan magana ce mai nauyi kuma daidai ce. Sunna ba ta zama dalilin wahalar da iyali.

Alhaji_Sani_Kalley:
Ni ban yarda a rage fari ba. Mutum mai shekaru irina in ya fita cikin jama'a da fari ake ganin kamalarsa, rani ko ɗari. Abin da ake yi shi ne a biya mai wanki haƙƙinsa. Akwai wanda ke mini wanki shekara da shekaru, in sanyi ya shigo ina ƙara masa a kan kowace riga ba sai ya roƙa ba. Shi ma da wannan yake ciyar da gidansa. In kowa ya daina sa fari wata uku, su masu wanki da masu bugu me za su ci?

Anti_Mariama:
Alhaji, ai ba mu saɓa ba. Wanda zai biya ya sa kullum. Da wanda ba ya biya nake.

MaiBugu_Katako:
Sana'ata ce, bari in sa baki. Hajiya mai tambaya, in shaddarki sabuwa ce ba a taɓa wanke ta ba, to kin fi kowa sa'a, don sheƙin kamfani bai barin ƙura ta kama sosai, zamewa take yi. Wadda ta sha wanki ta yi laushi ita ce ke shan ƙura kamar soso. Shi ya sa bayan wanki muke sa mata ƙaro, ta bushe, sannan mu buge ta a kan gungume har sheƙin ya dawo.

Abin da nake roƙon mutane su bari shi ne jabel. Ana kawo mini rigunan da aka jiƙa cikin jabel aka kwana, zaren aikin ya canza launi, yadin ya yi rauni, kana bugu yana yagewa. In yadin da haɗin roba ne, jabel ɗin ma rawaya yake mayar da shi. Ruwan sanyi, sabulu, hannu, a ɗauraye sau uku, a sa bula kaɗan a ruwan ƙarshe. Kaɗan na ce, kuma a narkar da ita sosai kafin a tsoma riga, in ba haka ba ta yi dabbare-dabbare. Shanya kuma a juya riga ciki waje, a kwashe da zarar ta bushe. Yanzu iska busasshiya ce, awa ɗaya ko biyu ta isa. Wanda ya bar farin kaya a igiya tun safe har la'asar sai ya sake wanki.

Nurse_Fati:
Ƙari a kan maganar jabel: kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke bayan gida ko wani abu mai tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne ga huhu. Kuma Anti Mariama, ki nemi safar hannu ta roba, ki shafa man kaɗe da dare.

Zeinabou_Harobanda:
Man kaɗen nan ma wani abu ne. Duk muna shafa mai da yawa yanzu saboda kaushi, shi ne ke taruwa a wuyan riga ya kama ƙura. Ni sai na shafa na jira ya shiga jiki kafin in sa kaya. Turare mai mai kuma a fata nake sawa ko a shimi, ba a kan farin ba. Humra ta taɓa ɓata mini mayafi.

Ghali_Abalak:
Gaisuwa daga Abalak. Mu nan sanyin ya fi na Yamai nesa, kuma ba mu daina sa fari ba. Farin rawani shi ne maganin ƙurar ma, ka rufe baki da hanci da kunne. Abin da zan gargaɗi mai tambaya: a wurin buki a Tawa za ki haɗu da masu turkuɗi, wannan baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa da baba a Kura ta ƙasar Kano. Yana zuba, shi ya sa yake rina fatar mai sa shi. In kun rungumi juna wurin gaisuwa ko kun zauna kafaɗa da kafaɗa, shuɗin zai hau farinki. Ki yafa mayafi mai duhu a kafaɗa.

Dan_Adar:
Ghali ya tuna mini. Shekarar da anka yi bukin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba nan, wanda anka kira Tawa Sakola, 2017 ke nan, mun yi anko na hwarar shadda mu goma sha biyu ƴan hwada guda. Tun da sahe muna tsaye wurin hwareti. Da munka dawo kowa ya kakkaɓe rigarsa ta koma daidai, sai mutum guda da ya ci goro ya goge baki da hannun riga. Wannan kam ba ta hita ba.

MamanNana227:
Goro da man ja da miyar tumatir, su ne abokan gabar fari, ba watan Disamba ba. Rakiya, lokacin cin abinci ki shimfiɗa wani ɗankwali a cinya.

Salamatou_couture:
Na dawo kan ainihin tambayar, yadda za a sa shi ya yi kyau kuma a ji ɗumi. Ni ba na son fari daga sama har ƙasa a wannan yanayi, don hazo na sa fuska ta yi fari-fari, sai mutum ya fito kamar ba shi da lafiya. Tunda aikin wuyanki azurfa ne, ki nemi babban mayafi mai kauri, ruwan toka mai duhu ko shuɗi mai duhu, ki bar ɗankwalin fari. Zinariya ba za ta hau da wannan aikin ba, sarƙa da ƴan kunne su zama azurfa, kuma Tawa ba a rasa aikin maƙeran Buzaye. Takalmi rufaffe, ba fari ba. Zanen kuma ki ɗaura shi ya ɗan ɗaga daga ƙasa, kamar yatsa uku, don bakin zane ne ke fara sharar ƙasa. Da rana in zafi ya taso ki sauke mayafin a hannu, da dare ki lulluɓa. Kin ga Inna ta samu mai duhun da ta ce, ke kuma kin sa shaddarki.

TelaWadata:
@Salamatou_couture na yarda da komai ban da fari daga sama har ƙasa. Ga namiji shi ne kyan, sai dai hula ta zama mai launi. Ga mace kam ke kika fi ni sani.

Abdoul_etudiant:
Wani abu da ba a ambata ba: azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Bisa lissafi a 2030 cikin Janairu zai kama, ƙaramar salla ta faɗo farkon Fabrairu. Ke nan nan gaba kaɗan kayan salla ma cikin hunturu za a sa su. Za a ce kada a je idi da fari?

Alhaji_Sani_Kalley:
Mun yi wannan zamanin, ɗana. Wajen 1998 zuwa 2000 cikin ɗari muka yi azumi da salla, kuma filin idi fari tas yake. Suwaita muke sawa a ƙarƙashin jamfa.

Issoufou_kabukabu:
Salla yini ɗaya ce Alhaji, buki ma yini ɗaya. Ni a kan na kullum nake magana, kuma har yanzu ina kan bakana.

Rakiya_Bukoki:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Da yamma na je wurin Inna na tambaye ta a hankali. Ta ce ba ƙura kaɗai ba ce, wai ni ce uwargidan wan ango, ni zan tsaya kan tukwane da rabon abinci, ina zan kai fari a bakin murhu? Na ce zan yi aikin da atamfa, in an gama in yi wanka in sa shaddar don zaman yamma, da mayafi mai duhu kamar yadda Salamatou ta ce. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce dai in kawo mayafin ta gani. Gobe zan shiga babbar kasuwa. @TelaWadata rigar ta kama ni a hammata, kuma na duba ciki telan bai bar yadi ba. Akwai dabara?

TelaWadata:
In akwai ragowar ƙyalle, ya buɗe ɗinkin hammata ya sa ƴar ƙusurwa kowane gefe, ba a gani. In babu, a yanko daga cikin ɗankwalin, ta gefen da ke shiga ɗauri.

Ghali_Abalak:
Ki taho da safa ma. Daren Tawa a ƙarshen Disamba ta ƙafa yake kama mutum.